Shekara Bakwai a Littafin Malam Moutari

Ƙarfe shida na safe Malam Moutari yake saukowa daga hawa na goma sha ɗaya a unguwar Minguettes, yawanci da ƙafa, don kwanakin lalacewar lif ɗin gidansu sun fi na aikinsa yawa. Ya hau bas zuwa magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, inda yake dakon kwalaye a Vénissieux, gefen Lyon. A aljihun kwat ɗinsa kullum akwai wani ɗan littafi da ya sha jiki, kuma ba safai yake zama nasa ba. Ranar Asabar, lokacin da sa'o'insa ke miƙe ƙafa, shi yana bin gidajen tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa yana duba musu takardu. A wannan wata na Yunin 1988 zai ajiye aiki, shekara uku bayan lokacin da ya kamata. Dalilin wannan jinkiri shi ya sa muka ɗauki alƙalami, kuma ba da sanyin rai muka ɗauka ba.

Wanda bai san aikin teku ba sai a yi masa bayani. Kowane ma'aikacin jirgi yana da littafi mai hotonsa. Ranar da ya hau a buga hatimi, ranar da aka sallame shi a buga wani, kaftin ya sa hannu. A Marseille ta wancan zamani, in ba ka da littafi ba jirgin da zai ɗauke ka, kuma ba a ba ka littafi sai wani jirgi ya yarda da kai. To ta ina baƙo zai shiga? Sai mutanenmu suka koma aro. Wanda zai je gida ya bar wa ɗan garinsu nasa. Masu ɗaukar ma'aikata sun san da haka sarai. Sukan ɗan leƙa hoton, su dubi ƙwanjin mutum, su nuna masa hanyar ɗakin inji. Lokacin da suke neman masu shiga zafin da fararen fata suka ƙi, duk baƙar fuska ɗaya ce a idonsu. Sai da ƙarfi ya ƙare, aka zo maganar fansho, idon nan ya buɗe tar, har ɗigon tawada yana gani.

Malam Moutari, mutumin Tahoua, ya yi aikin ɗakin inji da ƙuruciyarsa, kuma Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa. Ka nuna masa rabin hatimin da ruwan gishiri ya cinye, ya gaya maka sunan jirgin da tashar da ya tsaya. Hajiya Hawwa ta Vaulx-en-Velin shaida ce. An kore ta daga biro, wato ofishin fansho, sau uku da littafin marigayi mijinta, wai ba ya karantuwa. Shi ya bi sawun mutum biyu da suka yi jirgi ɗaya da mamacin, ya kai su suka ba da shaida, ko kuɗin bas bai karɓa ba.

Amma babbar jarrabawarsa a cikin nasa littafin take kwance. A 1957 mahaifinsa ya rasu, ya koma gida riƙon gona da ƙanne, ya bar wa Saley, wani ɗan garinsu, littafinsa. Shekara bakwai Saley yana yawon teku da sunan Moutari, har ranar da inji ya datse masa yatsu biyu na hannun hagu. Aka sauke shi, ya mayar da littafi ga mai shi, ya koma sharar kasuwa a Paris. A farkon 1985, saura wata huɗu Malam Moutari ya huta, sai Biba matar Saley ta kira shi daga La Courneuve.

"Malam, ina kwana? Ka yi mini haƙuri, ba zan ja gaisuwa ba. Mutuminka ya kasa aiki, hannun ya ƙi. Mun tahi biro, sun ce ba su san shi ba. Wai bai taɓa hawa jirgi ba."

Ya hau jirgin ƙasa ya je. Ya tarar da Saley zaune a bakin gado a rukunin gidajen Cité des 4000, ya ɓoye hannun cikin riga. Malam Moutari ya ce zai je ya faɗi gaskiya.

"A'a, yaya," in ji Saley. "Alheri ka yi mini. In ka buɗe baki za su cire shekarun nan daga naka, ka koma dako da wannan baya naka. Ko ma su kai ka kotu."

"Wa ya sha zafin injin, ni ko kai?"

"Ni ne, amma..."

"To mi zan hwaɗa wa Allah in na ci gumin yatsunka? Tashi ka sa takalmi."

A biron da ke kula da fanshon ma'aikatan teku, sun yi zaman jira tun safe har azahar. Jami'in da ya saurare su ko kallon Saley bai yi ba. Ya ce takarda ita ke magana, sunan da ke kanta shi ne ya yi aikin, labarin baka kuwa kowa na iya kitsawa. Malam Moutari bai yi gardama ba. Ya buɗe littafin a shafin 1964, ya roƙi mutumin ya karanta abin da likitan jirgi ya rubuta. Jami'in ya karanta da ƙosawa: mai wannan littafi ya rasa yatsu biyu a hannun hagu. Sai Malam Moutari ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan tebur.

"Musye, duba da kyau. Wanne ne babu?"

Sannan ya kamo hannun Saley daga cikin riga ya aza kusa da nasa.

Ga abin da ke ƙona rai. Cire shekara bakwai daga littafin Malam Moutari, mako biyu ya ɗauke su, har da wasiƙar gargaɗi mai kaushi, kamar sun kama ɓarawo. Mayar da shekarun ga Saley kuwa, sai da aka yi wata ashirin da shida ana je ka dawo. Kamfanin da ya mori Saley, wanda ya san abin da ake ciki tun farko, ba wanda ya aika masa ko da takardar tambaya.

Malam Moutari, kai ne ka buɗe wa ɗan'uwanka ƙofa lokacin da aka rufe ta, kai ne kuma ka biya laifin waɗanda suka rufe. Kai ne ka koma ɗaukar kwalaye da furfura, bayanka na ciwo, matarka Mariama tana gasa maka da ruwan zafi, ba ka taɓa yi wa Saley gori ba. Namijin gaske, mun gode. Allah ya ba ka hutun da aka jinkirta maka, ya sa ka more shi da lafiya.

Mu kuma da muka iya karatu, kunya ta ishe mu. A gidajenmu akwai irin waɗannan littattafai a ƙasan akwati, masu su suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Mu je mu zauna da su, mu tambaye su wa ya hau wane jirgi, mu raka su biro tun shaidu suna numfashi.

Ranar da takardar Saley ta iso, bai yarda kowa ya buɗe ta ba sai da Malam Moutari ya zo daga Lyon. Saley bai iya boko ba. Ya ce a nuna masa inda sunansa yake, aka nuna masa, ya ɗora sauran yatsunsa uku a kai.

"Yaya," ya ce, "ashe dai na je teku."