Tarin Ila da tukunyar dalma

Har yau ban manta da ranar da ni da Majo muka sha shayi a gidan mai gyaran batir ba. Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, Majo shi ne shugaban gidan likita na unguwa, ni kuma a lokacin anfirmiya ce, wato ma'aikaciyar jinya, mai duba yara a nan Dakoro.

Akwai wata mata, Tsahara, da ke kawo ɗanta Ila, ɗan shekara uku. Tari, zazzaɓi, ƙirji na kuka. Mu ba da siro, maganin sha na ruwa, ya warke, kafin wata ya zagayo ya dawo. Yaron ya ɗashe, ba ya cin abinci, ba ya wasa. Da ƙanwarsa ma ta fara, sai Majo ya ce, "Rabi, ɗauko mayafinki, gidan nan za mu gani."

Ƙa'idar ziyarar gida ita ce a duba ruwa, makewayi da madafa. Ba mu kai ga ko ɗaya ba. Maigidan, Malam Idi, ya ɗauka ciniki muka zo, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora shayi, ya shiga nuna mana gwanintarsa. A tsakar gida yake fasa tsofaffin batiran mota da na sola, ya narke dalmar cikinsu a tsohuwar tukunyar Tsahara. Ga hayaƙi, ga toka, ga Ila zaune a ƙasa yana tsotsar yatsa.

Majo ya ajiye kofinsa a hankali. Ya bayyana masa cewa dalma guba ce, tana shan jinin yaro, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma jikin da ta raunana ba ya iya ture ciwon huhu.

Malam Idi ya ce, "Likita, da wannan tukunya nake ciyar da su."

Majo ya ce, "Ba sana'a muka zo kashewa ba, Malam. Gida za ta bari."

Tsahara ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ni dai na sha faɗa, warin nan har cikin fura."

Muka tura yaran babban gidan likita aka duba jininsu, aka tarar da dalmar a ciki. Mai unguwa ya samo wa Malam Idi fili a bayan gari. Aka kankare ƙasar tsakar gidan, aka zuba sabon rairayi. Shi kuma ya koyi barin kayan aikinsa can, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro.

Bayan damina Tsahara ta shigo da Ila, na ɗauka tarin ne ya dawo. Ashe goshi ya fasa, wai bunsurun maƙwabta ya hau. Ina ɗinki yana shure-shure, uwar tana dariya, tana cewa, "Malama, ko za a rage masa lafiyar kaɗan?"

Ku da kuka fara aiki yanzu, in yaro ya dawo muku da ciwo iri ɗaya, kada ku tsaya kan ƙirjinsa. Ku tambayi uwar aikin da ake yi a tsakar gidansu. Iyaye ba ƙin 'ya'yansu suke ba, gaya musu ne ba a yi ba.