Ranar da Maɗigar Habu ta Faɗa

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damana, shekarar da na gama aji huɗu a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu da ke ƙasar Gangara. Yawancin manya sun tafi gona yin maimai, ni kuwa ina gindin aduwa a ƙofar gida da Habu a cinyata, ƙawayena suna carafke. Habu ɗan ƙanen babana ne, ko rarrafe bai iya sosai ba, kuma tun da aka ba mu hutu renonsa ya dawo hannuna. Na shafa kansa don in kore masa ƙuda, sai na ji yatsana ya faɗa wani ɗan rami a tsakar kai, wurin da kullum yake bal-bal. Na ɗaga shi na duba. Idanunsa sun zurma, leɓensa ya bushe, yana buɗe baki yana kuka amma ko ɗigon hawaye babu. Ban san lokacin da na tattake duwatsun carafken na ruga cikin gida ba.

Kaka na tarar a ƙofar ɗakinta tana tsinkar ganyen tafasa. Ta taɓa wurin sau ɗaya ta ce, "Maɗiga ce ta faɗa." Dama tun ƙarshen mako Habu yake zawo, an ce haƙori ne. Nan da nan ta daka wasu saiwoyi da ganye, ta kwaɓa, ta manna masa a ka, ta kuma ce kada wanda ya sake ba shi ruwa, don abin da ya shiga ta sama shi ne ke zubowa ta ƙasa. Haka aka saba a garinmu, haka uwarta ta koya mata. Kuma Allah ya sani, duk gidan babu mai son yaron nan kamar Kaka. Angona take ce masa, kitsen nama ma a bakinta take tauna masa.

Uwarsa, Inna Balki, tana bakin turmi tana dakan furar da za a kai gona. Habu ne ɗanta na fari, don haka kunyarsa take ji kamar yadda al'ada ta ce: ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban surukarta, nono ma sai a ƙuryar ɗaki take ba shi. To ga shi yau Kaka ta riƙe shi a ƙofar nata ɗakin, Inna Balki kuwa ba ta da bakin cewa a miƙo mata. Ina kallonta, taɓarya tana sauka a gefen turmi, hatsi yana watsewa kaji suna ta biki, gaban rigarta ya jiƙe da nono. Da na zo wucewa ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Zali, ruga ki kira Iya Hajo. In an tambaye ki, ke kika ga dama."

Iya Hajo ita ce matar da garinmu ya zaɓa aka kai Tanout, ma'aikatan asibiti suka koya mata duba yara. Ba ta da albashi, ba ta da farar riga, sai wani akwatin kwano da take ajiyewa a ƙarƙashin gado. Wasu maza har tsokanarta suke, wai likitar da ba ta allura. Na keta gonaki da gudu, ƙarangiya tana kama mini zane, na same ta duƙe cikin gyaɗarta. Da na ce kuka yake ba hawaye, ba ta ƙara tambaya ba. Ta yar da hauya, muka biya ta ɗauki akwatin, a hanya kuma ta cewa maƙwabcinmu ya ɗaura wa jakinsa amalanke ya jira, don in yaron ya kasa haɗiya sai asibitin Gangara.

Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida Kaka har ƙasa, ta tambayi ƙafa da gona, sannan ta nemi a ba ta angon ta gani. Ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa, fatar ta daɗe kafin ta kwanta. Abin da na fi riƙewa shi ne ko taɓa maganin da ke kansa ba ta yi ba. Ta sa na tafasa ruwa na fifita shi tsakanin ƙwarya biyu, ta auna da kwalbarta ta litir, ta farke ƴar takardar gishiri da sukari ta juye. Kaka ta ce, "Ruwa kuma, Hajo? So kike ki ƙarasa mini miji?" Iya Hajo ta ce, "Inna, naki na kai yana nan, ban cire ba. Amma dubi salkar Buzaye in ruwanta ya ƙare, ai motsewa take. Jikin yaron nan haka ya yi. Ki bar ni in cika ta."

Kaka ta yi tsaki ta kau da kai, wannan kuwa a wurinta izini ne. Sai dai Habu ya ƙi. Iya Hajo ta kai cokali, ya kauda baki. Ni na gwada, ya furzar. Ɗan abin da ya shiga ma ya amayar. Aka dakata kaɗan aka sake, ya sake ƙi, wuyansa yana langaɓewa. Nan Iya Hajo ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji ta ce, "Balki, ajiye taɓaryar nan ki zo ki karɓi ɗanki." Kaka ta ce, "A gabana?" Iya Hajo ta ce, "A gabanki, Inna. Ke ma kin haifi na fari, kin san abin da ke ranta."

Inna Balki ta taho kanta a sunkuye, ta zauna a tabarmar surukarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta rungume shi ta ce, "Habu, sha. Habuna, sha mana." Ranar na fara jin sunan a bakinta. Ya buɗe ido, ya laluba ya kama nono. In ya saki sai cokali, in ya gaji da cokali sai nono. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, inuwa tana matsawa muna jan tabarma muna bin ta. Iya Hajo sallah kaɗai ke tayar da ita. Maza suka gaji da jiran fura suka dawo daga gona da faɗa a baki, da suka ga abin da ake ciki suka zauna bakin darni. Kaka da ke ta gunaguni, ban ankara ba na ga mafici a hannunta tana yi wa uwa da ɗa fifita.

Rana ta yi ja Kaka ta ce a ba ta shi, hannun Balki ya huta. Bai daɗe a cinyarta ba ya tsula mata fitsari, har ya gangaro tabarma. Iya Hajo ta rangaɗa guɗa, ta ce ruwa ya zauna a jiki, a kwance jaki. Kaka tana matse zane tana cewa, "Ja'iri, tukwicin ke nan?" hawaye kuwa suna bin kumatunta. Kwanakin da suka biyo Iya Hajo ba ta fasa leƙowa safe da yamma ba, har maɗigar ta cika. Kaka ta koma ga Allah tana cewa maganinta ne ya ɗaga ta, Iya Hajo kuma ba ta taɓa musa mata ba. Amma daga ranar, duk jikan da ya fara zawo, Kaka da kanta take aikawa a kira mai akwati.

Yau Habu saurayi ne, yana kai awaki kasuwar Belbédji. Ni ina aure a Tanout, karatuna ya tsaya a kolej, ina da nawa yaran. Masu duba yara yanzu sun yi yawa, suna zuwa har gida da zaren auna damtse da maganin masassarar damana, in abu ya yi tsanani a kira asibiti ta salula. Alhamdu lillahi, sauƙi ya samu. Sai dai kowa sauri yake, a ba uwa takarda a faɗa mata yadda za ta dama, a wuce gida na gaba. Shi ya sa in na ji ɗan maƙwabta yana zawo, nakan sauke tukunyata in yafa mayafi in je in zauna da uwar, ko tsohuwar gidan ta harare ni ba na tashi. Allah ya jiƙan Iya Hajo, ba ta barin gida sai yaro ya haɗiye.