Mai Kutsen Laurel Gap

Wendell Crisp ɗan mai yankan katako ne daga bayan tsaunin Laurel Gap. Tun da ya shigo kwalejin garinmu yana saurayi, bai bar ta ba sai da aka sallame shi. Ya buga mata ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a ruga da ita, sannan ya zauna mataimakin koci har kansa ya yi fari fat. Ni kuwa na fara rubuta labarin wasanni a jaridar gunduma tun yana da sauran gudu a ƙafarsa, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

A zamanin ƙuruciyarsa wasan zaɓi uku kwalejin take yi, ba a cika jefa ƙwallo sama ba. Madugu, wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, zai cusa ta a cikin ɗan wasan da ke bayansa, idonsa na kan mutum ɗaya daga masu tsaron abokan karawa. In mutumin ya tsaya, sai madugu ya sakar wa na bayansa ƙwallon. In ya rufto ciki, sai ya zare ta ya ruga gefe, ko ya wuce da ita ko ya cilla wa na ukunsu. Wanda ake cusa wa ƙwallon muna kiransa mai kutse, aikin Wendell ke nan. Ko an sakar masa ko an zare, dole ya dunƙule hannu ya afka tsakiyar ƙattai kamar tana wurinsa, don su taru a kansa. Kowane hari sai an buge shi.

"Ba a taɓa kayar da wani a makarantar nan kamar ni ba," ya taɓa ce mini, "kuma yawanci iska nake rungume da ita."

Daga baya zamani ya juya, kowa ya koma jifa, mu ma muka bi. Sai dai yaran da ke da tsawo da ƙarfin hannu manyan jami'o'i suke tafiya, mu a bar mu da 'ya'yan manoma masu zuciya amma ba jiki. Shekara da shekaru muna shan kashi. Wendell bai tafi ko'ina ba. Yana horar da masu gudu, yana gyara ciyawar fili in ta kama. Bayan rasuwar matarsa Maxine aka fara lura da mantuwarsa. Zai kira yaro da sunan uban yaron. Wata Lahadi ya bar motarsa a bakin coci ya tako gida a ƙafa, ya kwana yana cigiyar ta. 'Yarsa Darlene ma'aikaciyar jinya ce, ta san daga bugun kan da ya sha a fili abin ya samo asali, kuma ba ta ɓoye masa ba.

Ɗan Darlene ɗaya ne, Tate. Gajere ne mai kauri, wuyansa irin na kakansa. Yana cikin ƙungiyar, amma benci ya fi ɗumamawa, don wasan jifa ba shi da gurbin irinsa.

Bayan wata kakar wasa da muka ci wasa ɗaya tak, babban koci, wani matashi ɗan Ohio mai suna Overby, ya same mu ni da Wendell a gidan abincin bakin hanya muna cin wake da burodin masara. Ya ja kujera ba tare da an ce masa ya zauna ba.

"Baba Wendell, tambaya ɗaya ce, kuma don Allah ban da wa'azi. Tsohon wasan nan naku zai fisshe mu?"

"Kofin ƙasa dai ba za ka gani ba," in ji Wendell. "Amma yaranka ba sa iya ture ƙato. To a wasan nan ba ture shi ake yi ba, barin sa ake yi ya zaɓa, kuma duk abin da ya zaɓa ya yi kuskure. Ƙwallo na hannunka, agogo na tafiya, gwanin jifarsu yana zaune sanyi na cin sa. Su kuma sau ɗaya a shekara suke ganin irinsa. Kafin su gane, an tashi."

"Mai kutse fa? A ina zan samo wanda zai yarda a riƙa nika shi haka?"

Wendell ya ajiye cokalinsa.

"Kana da shi," ya ce. "Ka kuma san kana da shi, shi ya sa ka biyo ni har nan."

Darlene ta ji labarin za a mai da Tate mai kutse kafin Lahadi. Ita ta gaya mini yadda suka yi a ɗakin girkinta bayan an taso daga coci.

"Baba, dube ka fa. Jiya ka tambaye ni ko Mama ta dawo daga kasuwa. Abin da za ka gadar wa ɗana ke nan?"

"An tambaye ni gaskiya, Darlene. In yi ƙarya?"

"Da ka yi shiru."

Ta san ba ta isa ta hana Tate ba, don yaron tun da ya ji yake ta tsalle. Sai ta nemi abu ɗaya. "Ranar da ka ga kansa ya taɓu, ko minti ɗaya ya rage a tashi, ka fitar da shi. Ban ce likita ba, ban ce Overby ba. Kai." Wendell ya ɗora hannu a kan teburin ya yi mata alkawari.

Duk bazarar nan suna fili. Abu na farko da ake koya wa mai kutse shi ne yadda zai buɗe hannu: gwiwar hannun da ke kusa da madugu ita ake ɗagawa sama, ɗayan hannun a ƙasa, ƙwallo ta samu ƙofar shiga da fita. Tate ba ya bukatar a koya masa. Tun yana ɗan ƙarami kakansa ke cusa masa kabewa a ciki a tsakar gida. Duk da haka tsohon ba ya ƙyale shi.

"Kai, buhun masara! Tafiyar nan taka ko kakarka ta fi ka sauri!"

"To zo ka nuna mini mana, tsoho, in gwiwoyin za su yarda."

"Ni da na yi wannan aikin ba a haifi uwarka ba."

"Shi ya sa har yanzu kake neman motarka, Kaka."

Sai su tuntsire da dariya, yara na taya su.

Abin da Wendell ya faɗa a gidan abinci haka ya kasance. Mun sha kashi a wasan farko, daga nan muka yi ta ci. Ƙungiyoyin da suka saba yi mana raga-raga sai ga su suna bin wanda ba shi da ƙwallo. Tate na afkawa, ana taruwa a kansa, madugu yana can gefe yana sheƙa gudu. Mutanen da suka daina zuwa kallo tun da daɗewa suka dawo da kujerunsu na naɗewa. A wasan ƙarshe, ranar wata Asabar ta Nuwamba da rana, za mu kara da makarantar ƙetaren kogi, wanda ya ci zai shiga gasar ƙasa. Rabon kwalejin da shiga gasar tun Wendell yana ɗan wasa.

Bayan hutun rabin lokaci, wasa ya doshi ƙarewa, muna gaba da kaɗan. Tate ya kutsa hannu wayam, mutum biyu suka haɗe shi, ƙarar hulunan kwano har inda nake tsaye. Ya miƙe da kansa, ya daki hularsa, ya koma layi. Likitan ƙungiya ya hango shi daga gefe, bai ga abin damuwa ba. A hari na gaba za a bi ta dama, sai Tate ya ɗaga gwiwar hannun da ba ita ba. Ƙwallo ta daki damtsensa, madugu ya yi sauri ya zare ta ya ci yadi goma, fili ya ɗauki ihu. Ni ban lura da hannun ba, Overby ma bai lura ba. A harin da ya biyo baya ya sake yin haka.

Wendell ya daka wa yaron da ke canjin Tate tsawa ya shiga. Da Tate ya fito, tsohon ya kama hular kwanon ya zare ta daga kansa ya rungume. Kowa a wasan nan ya san ma'anar haka: wanda aka karɓe wa hula ba ya komawa.

"Kaka, ba ni hulata."

"Ka ɗaga hannun waje. Sau biyu."

"Santsi ne ya kwashe ni! Ba ni!"

Overby ya rugo. "Baba Wendell, me kake yi haka? Likita bai ce komai ba. Mintuna kaɗan suka rage mana fa!"

"Yaron nan tun yana shan nono bai taɓa ɗaga wancan hannun ba, Koci. In kana son hular, sai ka ƙwace ta a gaban uwarsa. Ga ta can a layi na uku."

Tate ya matso har numfashinsa na dukan fuskar tsohon. "Kai da ba ka san ranar da ake ciki ba, kai ne za ka ce kaina ya taɓu? Naka ne ya lalace, ba nawa ba!"

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Wendell ya je ƙarshen benci ya zauna da hular a cinyarsa.

Yaron da ya shiga ya yi iya ƙoƙarinsa, amma babu mai tsoron sa. Masu tsaron suka daina taruwa a tsakiya, suka koma jiran madugu a gefe. Suka ci mu ana dab da tashi.

Ranar Litinin likitan asibiti ya tabbatar ƙwaƙwalwar Tate ta girgiza. Da aka tambaye shi ko da an bar shi ya ƙarasa da wani abu ya same shi, ya ce ba wanda zai iya sani. Tate ya riƙe wannan maganar. Shekararsa ta ƙarshe ce, bai sake sa hula ba. Overby ya samu aiki a wata babbar makaranta saboda kakar da ya yi da mu. Wanda ya gaje shi ya ce yaran yanzu ba sa zuwa inda ba a jifa, ya koma da mu gidan jiya. Aka shirya wa Wendell ɗan biki, aka ba shi allon yabo, aka sallame shi. Har yau in an tambaye ni ko wasan zaɓi uku zai taimaki ƙaramar makaranta, cewa nake na ga ya taimaka, na kuma ga jikin da ake biya da shi.

Tate ya koma birnin Chattanooga yana aikin wayoyin lantarki. Yana kiran uwarsa, amma in ta ce ga kakanka, sai ya ce aiki na jiran sa. Darlene ta ɗauko tsohon ya dawo gidanta, don ya fara barin murhu a kunne. Da farko yana tambayar yaron kullum. Daga baya ya daina.

Bara da kaka na je gaishe shi da yamma, muna zaune a baranda, sai ga mota ta tsaya. Tate ne, ya ƙara ƙiba, da jaririya a kafaɗarsa. Ya miƙa wa uwarsa ita, ya hau matakala a hankali, ya tsaya gaban kujerar.

"Sannu, Kaka."

Wendell ya dube shi sama da ƙasa, ya tsaya a kan wuyansa.

"Samari, da wannan wuyan naka ai ka taɓa buga ƙwallo."

Tate ya waiwayi uwarsa. Ta girgiza masa kai.

"Na taɓa, Koci. Mai kutse ne ni."

"Ai na faɗa! To me ya raba ka da ita?"

"Kakana ne ya fitar da ni. A wasan ƙarshe, muna gaba."

"Muna gaba?" Wendell ya ɓata fuska. "Wane irin kaka ne wannan? Da ni ne, da na bar ka ka ƙarasa."

 Tate ya zauna a dakalin baranda kusa da ƙafar tsohon, ya dafe fuskarsa da hannu biyu. Wendell ya sunkuya ya ɗan bubbuga masa kafaɗa, ya tambayi Darlene ko baƙon nan ya ci abinci.