Littafin da taubashina ya hana ni

A shekarar da fari ya ƙone geron ƙauyen Gouna, dangin innarmu suka cika gidanmu na Damagaram. Tukunya ɗaya ce, kuma ni ce mai cika ta, da ɗan shagona na buga takardu a ordinata, wato kwamfuta.

Ana cikin haka wani mushe, wato malamin boko, mai koyar da lissafi a lise, babbar sakandare, ya zo da aiki. Darussansa yake so a tsara su zama littafi, aikin da zai riƙe mu har kaka. Sai dai ya kafa sharaɗi: da wata manhajar tsara rubutu za a yi, wadda ke jera alamomin lissafi tsaf kamar na ɗab'i. Ya zuba mini ita a ordinata, ya ce in gwada shafi ɗaya ya gani. Na buɗe, na ga ba danne-danne ba ne, umarni ake rubuta mata, ni kuwa ban san ko ɗaya ba.

Bayanin duk yana intanet. Na yi ta zarya siber, shagon da ake biya a shiga intanet. Shafi ya fara sauka, ya kai rabi, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Kuran ya dawo, reson intanet ya tafi. Abin da nake nema kawai littafin jagora ne da zan ajiye kusa da ni, in buɗe ko da wuta ko babu.

Kuma akwai shi, a tsallaken titi. Taubashina, ɗan kawuna, yana da shago irin nawa. Wani Bafaranshe da ya gama aiki zai koma gida ya bar masa littafin, bugagge, mai kauri kamar bulo. Ni na koya wa taubashin nan nawa inda haruffa suke, da yatsa biyu ya fara a gabana. Amma shi Bafaranshen ya ga damar bar wa littafin. In na hango shi ya jingina da ƙofa yana buɗe shafuka yana kurɓar shayi, sai in ji zuciyata na tafasa. Hassada ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta.

Na haɗiye girman kai na tsallaka.

"Ara mini littafin nan."

"Baiwata ce da kanta?" in ji shi. "Fara share mini shago tukuna."

Tsakanin taubasai ba a fushi, duk abin da ya faɗa wasa ne, in ka ɓata rai kai ne abin dariya. Na yi dariyar dole, na ce bawa ba ya aiken uwargijiyarsa. Washegari na koma, ya ce in kawo fura. Na kawo, daga geron da muke aunawa da tsoro. Ya sha, ya bar ni na kwafi shafi guda da hannu, ya rufe. Haka muka yi ta yi, mutanen titi suna shan kallo, mushe kuma yana leƙowa yana tambayar shafinsa.

Wata safiya sai ga shi a ƙofata da sabuwar riga, littafin a hammata. Ya ajiye a teburina ko zolaya babu.

"Riƙe duka, na bar miki."

Na ce lafiya?

"Masu rabon abinci sun ɗauke ni aiki. A biro ɗinmu, can ofis, reso ba ya yankewa, me zan yi da takarda?"

Na samu aikin mushe, tukunya ba ta kife ba. Amma kullum da rana farar motarsu takan wuce ta gaban shagona, yana ciki, gilashi a rufe, ya ɗago mini hannu. Ni kuma ina zaune cikin zufa da littafin da na yi ta mafarkinsa, na kasa jin daɗinsa ko na yini ɗaya.