Asabar ɗin da Muka Tafi Ƙuba

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Madina, har da lambar gidan da na yi haya a Khalidiyya, amma Asabar ɗin da muka tafi masallacin Ƙuba maimakon ofis ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Ko yanzu in na tuna, sai na miƙe na zaga ɗaki kafin na iya zama.

Bayan na gama jami'a na samu aiki a wani kamfani mai haɗa manhajar waya ta masu Umra, wadda ke nema musu masauki da mota. Kujerar da ke kusa da tawa ta wani ɗan Maraɗi ce, dogo, mai saurin hannu a kwamfuta da saurin baki a kan komai. A takarda, dawam, wato lokacin aiki, yana ƙarewa da La'asar. A zahiri kuwa a ofis muke Magariba, a ofis muke Isha'i, mudir, wato manajanmu, ya leƙo ya ce saura kaɗan. Da Umra ta kankama sai aka haɗiye mana Asabar ma, aka bar mu da Juma'a, ita ma rabinta barci ne.

Ni ba ni da iyali lokacin, ƙorafina bai wuce ciwon baya ba. Abokina ɗan Maraɗin kuwa yana da mata da 'yar ƙaramar yarinya. Wata Juma'a ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta ruga bayan uwarta tana kuka kamar ta ga mai gyaran famfo. Yana ba ni labarin yana dariya, amma ƙafarsa na ta kaɗawa a ƙarƙashin tebur har shayina ya zube.

A makon ya buɗe shafi a intanet, ba suna, ya fara rubuta yadda ake tatsar mu. Da Hausa ya rubuta, saboda a zauren hirar kamfani duk saƙon ƙorafi da Larabci ko Turanci ba ya daɗewa ake goge shi. A wautarmu mun ɗauka Hausa ɗaki ce mai kwaɗo. A Madina fa, garin da za ka yi gulmar mai shago da Hausa ya miƙo maka canjinka da Hausa.

Shafin ya yaɗu fiye da yadda muka zata. Hausawan wasu kamfanoni suka shigo da nasu labarin, wani ya fassara zuwa Larabci, wani zuwa Urdu. Ni dai aikina danna alamar goyon baya da duba waya, ina cin abinci ina dubawa, ina fitowa daga masallaci ina dubawa. Wata safiya shafin ya ƙi buɗuwa a ofis. Abokina ya canza masa adireshi, aka sake toshewa. Daga baya ko a gida ba ya buɗuwa, masu ajiye shafin suka ce an kai ƙara an sauke shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda za ka je ka tsaya a gabansa ka yi gardama, sai farin allo kawai.

Maganar fita titi zanga-zanga kuwa ba ta ma taso ba. Iƙamarmu, takardar zama a ƙasar, a hannun kamfani take, tasa kuma ta kusa ƙarewa. Na ja shi gefe a wurin alwala na ce, "Malam, ka bari a sabunta maka iƙama tukuna."

Ya yarfe ruwan hannunsa ya ce, "In na jira, yarinyar nan kawu za ta fara kira na."

Nan ya fito da dabararsa. Ziyarar masallacin Ƙuba ranar Asabar sunna ce da kowa ya sani a garin. Kada kowa ya ce yajin aiki, kada kowa ya rubuta komai. Mu dai mu tafi Ƙuba da safe, mu yi raka'a biyu, mu zauna. Wa zai hukunta mutum don ya bi sunna, a Madina? Baki da baki maganar ta zaga, ni ma na yi ta kai ta, ina jin mu ne masu wayon duniya.

Ranar kusan kowa ya zo, 'yan Misra, 'yan Pakistan, 'yan Sudan. Muka yi salla muka bazu a farfajiya, wayoyi na ta ɓari a aljihu ba mai ɗauka. Abokina ya zo da iyalinsa. Da farko yarinyar ta maƙale wa uwarta, can sai ga ta a wuyansa tana cin dabino tana goge hannu a hularsa. Ni na kasa zama. In zauna in tashi, in leƙa bakin titi, ban san ma me nake jira ba.

Sai ga wani saurayi Basa'ude mai kula da intanet ɗin kamfani, wanda ban taɓa jin komai a bakinsa ba sai Larabci. Ya zauna kusa da mu, ya daɗe yana wasa da makullin motarsa, sannan ya ce da gurguwar Hausa, "Ya akhi, ina ji Hausa kullu. Kakata 'yar Katsina ce, tana nan unguwar Awali. Ni na rufe shafin. An ce rufe, na rufe."

Abokina ya sauke yarinyar ya tambaye shi ko ya faɗi wanda ya rubuta. Sai ya koma Larabci, ya ce ba a ma buƙaci ya faɗa ba, rubutun farko daga kwamfutar ofis ya fita. Ya rantse da Allah duk abin da ke shafin gaskiya ne, shi ma bai ga kakarsa ba tun farkon wata. Ya shafa kan yarinyar ya tashi.

Washegari mudir ya tara mu yana murmushi. Ya ce son sunnarmu ya burge shi ƙwarai, don haka kamfani ya ɗauki nauyin bas: kowace Asabar bayan Asuba za ta kwashe mu zuwa Ƙuba, daga can ta wuce da mu ofis kai tsaye. Wato za mu riƙa fara aiki da wuri fiye da da. Wallahi har da masu tafi. Abokina kuwa shi kaɗai aka kira ciki. Ba a ambaci shafi ba, ba a ambaci Ƙuba ba. An ce dai ana rage ma'aikata, ba za a sabunta iƙamarsa ba, an buga masa bizar fita ba dawowa.

Asabar ta farko bayan tafiyarsa da iyalinsa na shiga bas ɗin. An tsara wa direba hanya tun kafin a kori abokina, don haka ya tsaya a bakin layinsu, ya buɗe ƙofa, ya danna hon, yana jira. Kowa ya sunkuyar da kai a waya. Ƙofar na buɗe, iska na shigowa, har sai da na ce wa direba ya ja, babu kowa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan safiya ba.

Bayan wasu watanni ya turo mini saƙon murya daga Maraɗi, yana gyaran waya a kasuwa, ana jin yarinyar a bayansa tana kiran Baba.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, inda zamanka yake hannun wanda kake ƙorafi a kansa, zai iya rufe maka baki, ya ɗauki abin da ka fake da shi ya miƙo maka a matsayin kyauta. Kuma duk yawan masu goyon baya, mutum ɗaya ne ke haɗa kayansa. Tun daga ranar, kafin na ce wa wani "rubuta, muna bayanka", sai na fara tambayar kaina ko zan sauka daga bas ɗin in aka tsaya a ƙofarsa.