Yadda 'Yata Ta Koyi Rataya Bel a Wurina

Ni ne da laifi. Na fara da wannan ne saboda na shafe mako biyu ina gaya wa duk wanda ya tsaya saurarena cewa ba ni ba ne.

Direba ne ni a gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA. Na daɗe a kan sitiyari, har na fara ganin babu mai koya mini komai game da mota. Muna zaune a Giginyu, ni da matata da 'yarmu guda. Matata tana koyarwa a wata firamare a Tudun Murtala, shi ya sa nake ce mata Malama. Da yarinyar ta isa shiga nazare, aka sa ta a wata makaranta kusa da gidan da nake aiki, ya zama ni ke kai ta kowace safiya a tsohuwar motata. Wannan 'yar tafiyar ce kaɗai rabona da ita a yini, don kafin in dawo ta yi barci.

Hajiyar gidan ce ta ba mu kujerar yara ta mota, wadda jikarta ta girma ta bari. Malama ta wanke ta, ta shanya, ta ɗaure ta a kujerar baya da hannunta. Ta ce doka ta hana a sa ƙaramin yaro a gaba, kuma ko da babu doka, ita haka take so. Na ce to, irin "to" ɗin da namiji ke cewa idan yana so a bar maganar.

Kullum Malama ke ɗaure yarinyar a kujerar, ta tsaya a ƙofar gida har mu sha kwana. Da mun sha kwanar, wajen mai shayi, sai in tsaya in kwance ta in dawo da ita gaba. Hujjata ita ce kuka take yi. "Abba, ni ba na ganin komai sai ƙeyarka." A gaba kuwa hira muke sha. Ta nuna mini gidan da ke da kare, ta ba ni labarin wanda ya ciji wani a aji, ta tambaye ni dalilin da ya sa bishiyoyin GRA suka fi na unguwarmu ƙiba.

Ni ma ba ɗaura nawa bel ɗin nake yi ba. Ya sha ƙura da maiƙo, in na ɗaura sai ya zana mini baƙin layi daga kafaɗa zuwa ƙugu, Alhaji kuwa ba ya son direba da datti a riga. Don haka idan na hango jami'an hanya a shataletale, sai in jawo shi in rataya, in danne da gwiwar hannu, in ce, "Ga su nan, kwanta." Ita kuma ta sulale ƙasan kujera tana danne dariya. In gaishe su cikin ladabi, mu wuce, in ce, "Sun wuce." Ta fito, in saki bel. Mun mai da abin wasa, kuma ta fi ni ƙwarewa.

Wata Asabar da la'asar ina kwance kan tabarma a tsakar gida, Malama na tsince shinkafa. Yarinyar ta hau filo, ta ɗauki murfin tukunya ta mai da shi sitiyari, ta zaunar da 'yartsanarta a gefe. Can sai ta fizgo ɗankwalin uwarta ta rataya a kafaɗa, ta danne da gwiwar hannu.

"Ga su nan, kwanta," ta ce, ta cusa 'yartsanar ƙarƙashin kujera 'yar tsugunno. Ta yi wa bango murmushi. "Yallaɓai, barka da aiki." Ta ɗan jira, ta ce, "Sun wuce," ta yar da ɗankwalin.

Na ji tsintar shinkafa ta tsaya.

"Wa ya koya miki wannan tuƙin?"

"Abba."

Na rufe ido sosai.

"Malam direba," Malama ta ce, "mai barci ba ya kaɗa ƙafa. Tashi."

Da na ba da haƙuri a lokacin, da an gama. Sai na tashi da lacca. Na ce shekara da shekaru ina tuƙi ban taɓa goge ko kaza ba. Na ce mu a bayan akori-kura muka tashi, ga mu da ranmu. Na ƙare da cewa abin da Allah ya rubuta babu kujerar da za ta hana.

"Haka ne," ta ce. "To me ya sa kake kai motar Alhaji gyaran birki?"

Na ce wannan daban.

"Ba ma kujerar ce ta fi ƙona mini rai ba. Kullum ina tsaye ina ɗaga muku hannu kamar wawuya, kai kuma kana koya wa 'yata yadda ake ɓoye mini abu."

Ranar Litinin ta kwance kujerar ta kai motar maƙwabciyarmu, wata 'yar Zariya da ke koyarwa a makarantar yarinyar. Ya zama ni ne mai tsayuwa a ƙofar gida. 'Yata ta wuce a ɗaure a baya, tana ɗaga mini hannu, ko ɗigon hawaye babu. Ashe kukan ni kaɗai ake yi wa, don an san inda yake aiki.

Na kai ƙara wurin maigadin gidan Alhaji, ya ce shi ba ya shiga tsakanin miji da mata. Na kai wurin kuku, wani dattijo ɗan Jigawa, ya saurare ni yana yanka albasa, ya ce, "Ba kai ne kake ɗaure tukunyar gas da igiya a but ɗin mota ba, wai kada ta gangara? Ko gas ɗin ya fi tsada?" Na daina gaishe shi kwana biyu.

A mako na biyu na sayi ƙatuwar kankana, da niyyar in kai gida ko za ta sassauta zukata. Na ajiye ta a kujerar gaba. Ina kan ɗaya daga cikin titunan nan na GRA masu inuwa, ba gudu nake ba, sai wani mai adaidaita ya fito daga layi bai duba ba. Na taka birki. Ƙirjina ya bugi sitiyari, kankana ta tashi ta daki gaban mota ta tsage biyu.

Ban taɓa adaidaitan ba, ko fenti bai gogu ba. Amma na kasa fitowa. Ina ta kallon jan da ya malale a ƙasan kujerar. Mai adaidaitan ya leƙo yana ba da haƙuri, da ya ga fuskata ya ce, "Malam, lafiya? Kankana ce fa kawai."

Sai da aka ƙara mako guda kafin kujerar ta dawo motata, kuma Malama ta yi kwana uku tana bin mu har makaranta kafin ta wuce wurin aikinta. Amma wannan daga baya ne. A ranar dai, na isa gida da rabin kankana a kowane hannu, na same ta tana duba littattafan 'yan ajinta. Ta kalle ni, ta kalli abin da ke hannuna. Na ajiye, na durƙusa a gefen tabarma.

"Malama, ke ce da gaskiya. Na sa 'yarmu a inda za ta iya mutuwa don in ji daɗin hira, na yi miki ƙarya kowace safiya, na kuma sa ta taya ni. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ki yafe mini."