Sista Victoria Mai Bin Katin Magani a Dayi

Kafin 'yan acaɓa su jeru a bakin titin Dayi, Sista Victoria Atu ta riga ta buɗe ɗakin shan magani, ta share baranda, ta yayyafa wa kunyar tazargadenta ruwa. Sai ta saɓa jaka ta shiga gari. Duk gidan da ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro kwana uku da suka wuce, za ta yi sallama ta miƙa hannu: "Ina katina?" Katin ƙwayoyin take nufi, kuma fanko take son ta gan shi. Shekara talatin da ɗaya tana wannan zirga-zirgar, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ban kuwa ji an ce za a kafa mata rumfar bikin bankwana ba. To, ni dai bakina ba zai yi shiru ba.

Kun san halinmu. Yaro ya kwanta, a ba shi magani yau da gobe, jiki ya yi sanyi, ya tashi ya bi awaki. Sai uwa ta ƙulle sauran ƙwayoyin a bakin zane, wai ta ajiye wa ƙanensa, tunda da damina zazzaɓi layi yake bi. Mu a ganinmu tattali ne. Sista ta ce atafau. "Haba baiwar Allah! Kin taɓa ganin an nome rabin gona an ce ciyawa ta ƙare? Ƙwayoyin cutar da suka saura su ne masu taurin kai. In suka dawo, ba lallai su ji magani ba."

Zagi kam ta sha shi. An kira ta 'yar sa-ido. Har aka ce sayar da katunan take yi a Funtua, ku ji fa! Ko a jikinta.

Tazargaden nan kuwa ba don ado ta shuka shi ba. In wani ya ce shi bai yarda da ƙwayar bature ba, sai ta ja shi bayan ɗaki, ta murza ganye ta kai masa hanci. "Shinshina, Baba. Daga wannan ganyen ake tatso sinadarin da ke cikin ƙwayar, artemisinin sunansa. Na ƙwaya an auna shi. Na tukunya wa ya auna?"

Wannan maganar ce ta haɗa ta da Malam Mati, mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika a kan babur. Shekarar korona ya cika jarkoki da dafaffen tazargade, yana shelar cewa daga zazzaɓi har basir ba abin da ba ya kashewa. Ranar kasuwa Sista ta tsaya a gabansa ƙyam.

"Malam Mati, ganyen nan na fi ka girmama shi. Amma kada ka sa uwa ta bar asibiti saboda ruwan jarka."

Mati ya ɗaga lasifika. "Jama'a, ga mai hana ruwa gudu ta zo! Kakanninmu da wane kati suka rayu?"

"Je ka maƙabarta ka dubi ƙananan kaburbura," in ji ta, "sa'annan ka dawo ka tambaye ni."

Daga ranar Mati ya rantse ƙafarta ba za ta taka zaurensa ba, magidanta da dama kuma suka bi sahunsa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don wasu yaran gidajen a hannunta aka haife su. Amma kullum sai ta je ƙofar gidajen ta yi sallama.

Da damina ta zagayo, zazzaɓi ya kama Zakiyya, 'yar Mati mai shekara huɗu. Uwarta Hansai ta karɓo ƙwayoyi a ɓoye. Kwana ɗaya yarinyar ta sha, uban ya gani ya hana, ya koma ba ta na jarka. Bayan mako guda, da hantsi, waɗanda ke zaune a baranda suka hango Mati ya yar da babur a bakin titi ya taho a guje ba hula, Hansai na biye da shi, Zakiyya a kafaɗarsa, idanunta sun kafe. Kowa ya zuba ido ya ji gorin da za a yi masa. Sista ko kallonsa ba ta yi ba. Ta yi wa yarinyar allurar da aka samo daga sinadarin tazargaden nan, ta goya ta da zanen Hansai, ta hau bayan babur ɗin Mati. "Babban asibiti, Malumfashi. Ja mu je!"

Zakiyya ta tashi. Aka sallamo ta da ƙwayoyin kwana uku. Safiya ta huɗu Sista ta nufi zauren nan da aka haramta mata. Ba ta kai ga yin sallama ba Mati ya fito ya miƙo mata kati da hannu biyu. "Ga shi, Sista. Da kaina na ba ta, har ta ƙarshen." Ta ɗaga katin ta duba, ta jefa a jaka, ta ce a gaishe da Hansai, ta wuce gida na gaba.

Ke ce Sista, uwar marasa lafiya, wadda gori bai mayar da ita gida ba. Ke ce aka rufe wa ƙofa, kika buɗe taki. Masu manyan riguna ba su san sunanki ba, su suka sani. Zakiyya da ke aji uku yanzu ta san shi. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma matasan ma'aikatan lafiya, jakar nan tana neman kafaɗa. Ke uwa, ke da kike da ƙulli a bakin zane, daga wata mai kamawa ba mai zuwa ƙofarki ta miƙa hannu. Kwance shi ki ba yaron ya shanye.